Kaset Sittin da Uku da Katako Ɗaya

Jawabin Malam Mijinyawa Mai Majigi a taron cikar Zumuntar 'Yan Arewa Mazauna Deira shekara talatin, can a ƙasar Larabawa, bayan an miƙa masa allon girmamawa.

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya tara mu a ƙasar da ba a binne cibiyar ko ɗayanmu ba, ya ciyar da mu a cikinta, ya rufa mana asiri a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Shugaban taro, Alhaji Abdulmuhaimin, Allah ya ja zamaninka. Sakataren Zumunta, Malam Abdulganiyyu, ina gaishe ka, kuma ka riƙe gaisuwar nan da kyau, don nan gaba kaɗan za ka buƙace ta. Malamanmu masu ja mana salla, alhazan kago masu aika kaya gida na Port Saeed, hajiyoyin gwal da atamfa na Al Ras, likitoci da injiniyoyi masu albashi, ɗalibai masu neman ilmi, da 'yan'uwana masu dako da ke tsaye can baya saboda kujerun ba su kai gare su ba, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da aka tuna da ni. Ina godiya da abinci. Ina godiya da wannan katako mai ƙyalli da aka ɗora mini a hannu, wanda aka ce an rubuta sunana a jikinsa. Ni ban yi boko ba, sai dai in yarda da abin da aka faɗa mini. An ce mini minti biyar zan yi, in yi godiya in zauna. Shekara talatin da huɗu na yi a garin nan, yau aka ba ni minti biyar. Wanda ke riƙe da agogo ya mayar da shi aljihu, don ba zan zauna ba sai na gama, kuma saura kwana goma sha tara bizata ta ƙare, kafilina, wanda ya tsaya mini a takarda, ya ce ba ya sabunta wa tsoho. Ku yi haƙuri da ni yau, gobe ba za ku ji muryata ba.

Magana ta farko, ku san wanda ke yi muku magana. Yaran yanzu sun san ni da ɗaure kwali. Kafin in ɗaure kwali, shekara goma sha huɗu na yi ina juya majigi a gidan silima a Kano. Fim ya tsinke a hannuna na liƙe shi kafin 'yan kallo su gama zagin uwata. Da na zo nan, na sayi kyamarar bidiyo ta hannu a wajen wani mai kayan gwanjo, tun Zumuntar nan ba ta da ofis, ba ta da sakatare, ba ta da katakon rabawa. Babu taron Salla, babu suna, babu rakiyar gawa zuwa filin jirgi da ban ɗauka ba. Kaset sittin da uku suka taru. Ga su can bakin ƙofa cikin akwatin katako, wanda wasunku suka yi tuntuɓe da shi suka yi tsaki.

Kaset yana da hali, kamar yadda doki ke da hali. Ba a kwantar da shi, a tsaye ake jera shi. Ba ya son zafi, ba ya son danshi. Sau ɗaya a shekara sai an juya zarensa har ƙarshe a dawo da shi farko, in ba haka ba ya manne da juna ya mutu. Ni kowace shekara bayan Babbar Salla nake yi musu haka, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, tun da injina na ƙarshe ya lalace. A gadon hayata na Abu Hail, mu shida a ɗaki, wurin da esi ya fi bugawa na ba akwatin nan, ni na kwanta wajen ƙofa. Abokan ɗakina suna cewa na auri akwati. Ban musa ba.

Magana ta biyu, abin da aka yi musu. Watan Yuli da ya wuce aka kwantar da ni don a cire mini yanar ido, ga shi kuma mai gida ya ba mu wa'adin tashi. Na kira Malam Abdulganiyyu na ce, ga amanar Zumunta, ka ajiye mini a ofis mako biyu. Ya ce an gama. Ofis kuwa yana da esi, na sani, don ko shayi ba ya minti uku bai huce ba. Amma akwatin ya tsone masa ido, sai ya tura shi sito wajen masu ɗaurin kaya.

Ba na zagin masu ɗaurin kaya, ni ma ɗayansu ne. Mu a kago doka ɗaya muka sani: kada a bar iska a cikin kwali. Abin da ke tsaye a kwantar da shi, abin da ke da sarari a matse shi. Haka suka yi, kuma da kyakkyawar niyya suka yi. Suka fitar da kaset ɗin daga akwati, suka kwantar da su kamar sandunan sabulu, suka danne, suka naɗe da leda har zagaye bakwai, suka ɗora a sikeli, suka rubuta da alƙalamin maka: roba, kilo sha biyar, babu mai shi. Sannan suka jefa su, har da akwatin, cikin kwantena a filin ajiya. Kowa a nan ya san abin da kwantena ke zama a watan Yuli. Kwana goma sha ɗaya suka yi a ciki. Da na fito da ido ɗaya a rufe na je na kwance su, shida sun narke sun haɗe kamar alewar da aka manta a aljihu.

Na je wajen sakatare da su a hannuna. Ya ce, "Baba, ai komai yana waya yanzu. Khalas, shi ke nan, ka manta da su." Na ce, "To, tunda komai yana waya, nuna mini Malam Nasrullahi yana ja mana sallar Idi a kan rufin bene, shekarar da muke mu ashirin da biyu." Ya yi ta shafa gilashin wayarsa, ya shafa sama ya shafa ƙasa. Har yanzu ina jira. Malam Nasrullahi yana cikin shidan da suka narke, Allah ya jiƙansa. Mutuwa ta ɗauke shi sau ɗaya, mu kuma muka sake binne shi a kwantena.

Magana ta uku ita ce wadda ta fi tsawo, kuma ba tawa ba ce, aro na yi. Daga ofis ban tafi gida ba, na gangara Al Ras wajen Moidu mai shayi. Duk wanda ya taɓa shan shayin karak a lungun 'yan kayan ƙamshi ya san shi, tsoho mai farin gashin baki. Shekara talatin muna ce masa Ba'indiye, kamar yadda muke ce wa kowa. Shi mutumin Kerala ne, waɗanda muke kira Malabari, yarensu Malayalam. Ubansa ma majigi ya juya, a cikin tanti, ƙauye zuwa ƙauye. Da Larabcin kasuwa muke hira, inda ya ƙare mu cika da hannu.

Ya ga kaset ɗin da suka narke, ya juya su, ya sansana. Ya ce, "Habibi, sha shayinka. Ku ma kun fara." Na ce mun fara me? Ya ce, "Abin da mu muka yi tun kafin a haife ni." Ya ja kujera ya ba ni labarin yadda fim ya fara a yarensu. Yadda ya faɗa mini haka zan faɗa muku. Sunayen kuwa harshena ba ya juya su, ku masu waya ku je ku nema, ai komai yana ciki.

Kusan shekara ɗari da suka wuce, in ji shi, babu fim ko ɗaya da aka yi a ƙasarsu. Na wasu suke kallo. Sai wani saurayi ya ce shi zai yi. Ya sayar da filinsa na gado. Ya tafi Madras don ya koya, aka hana shi shiga. Ya wuce Bombay, ya roƙa, ya koya, ya sayo kayan aiki ya dawo gida. Shi ya tsara labarin, shi ya ba da umarni, shi ya fito a ciki. Fim ne bebe, babu magana, sai hoto. Da ya zo neman macen da za ta fito, ya sha wuya kafin ya samu wata yarinya 'yar talakawa mai aikin ƙarfi. A ƙasarsu a lokacin an kasa mutane hawa-hawa tun daga haihuwa, akwai waɗanda ko kusa da manya ba a yarda su tsaya ba, kuma daga cikin waɗannan take. Shi kuwa ya sa ta fito a matsayin 'yar babban gida.

Ranar da aka haska fim ɗin, manyan gari suka ga 'yar da ba ta isa ta taka tsakar gidansu ba ta fito a matsayin 'yarsu. Suka tashi da duwatsu suka yaga farin ƙyallen. Aka bi ta gida aka cinna wa bukkarsu wuta. Ta gudu a cikin wata babbar mota ta tsallaka ƙasar Tamil, ta canza suna, ta tsufa a can ba ta ƙara cewa ita ce ba. Shi kuma dukiyarsa ta ƙare, ya koma aikin cire haƙori don ya ci abinci. Fim ɗin ya zauna a gwangwani a gidansa, babu mai tambaya. An ce ƙaramin ɗansa ne ya riƙa yanko shi yana ƙonawa, don wutarsa shuɗiya ce, tana ba shi sha'awa. Hoto ɗaya tak ya rage, in ji Moidu.

Da mutumin ya tsufa ya nemi a taimaka masa a matsayin wanda ya fara. Aka ce ina shaida? Ina fim ɗin? Aka ce ma ai garin da kake zaune ba cikin jiharmu yake ba. Ya mutu a talauce. Bayan ya mutu da shekaru, sai idonsu ya buɗe, suka ce shi ne uban fim ɗinsu, suka sa wa babbar kyautarsu sunansa. Kowace shekara ana miƙa wa wani, ana tafi, ana ɗaukar hoto. Jama'a, ku dubi abin da ke hannuna, ku ce mini ba ku ga kama ba. Hausawa na ce wa irin wannan ihu bayan hari.

Na ce wa Moidu, to fim ɗinku na biyu fa? Ya yi dariya har ya zubar da shayi. Ya ce na biyun kwana kaɗan aka haska shi, sai masu littafin da aka ɗauko labarin daga ciki suka kai ƙara, aka ƙwace fim ɗin aka kulle a sito. Shekara wajen arba'in yana kulle. Kuma shi ne ya tsira, shi ake kallo har yau. Wanda aka bari a sake ya zama toka, wanda wani ya ce nawa ne ya sa masa kwaɗo ya rayu. Na farkon mai magana kuwa, wanda aka yi bayan shekara kamar goma, a ƙasar Tamil aka yi shi da jarin Tamil, don su ba su da ɗakin ɗaukar fim nasu sai daf da samun 'yancin kai. Shi ma ya ɓace, sai 'yan hotuna da ɗan littafin waƙoƙinsa. Yau mutanen nan fim ɗinsu ya zaga duniya, ga shi ana haska shi a manyan silimun garin nan, amma in ka ce su nuna maka inda suka fara, sai su nuna maka hoto ɗaya su sunkuyar da kai.

Ni ban je makaranta ba, amma na san abin da ake yi in gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Su sun rasa nasu a zamanin da ba su san darajarsa ba, ba su da esi, ba su da masu digiri. Mu muna da esi, muna da masu digiri har sun yi mana yawa, kuma mun rubuta a kan namu: babu mai shi.

Magana ta huɗu, kuma a nan ne wasu za su so a kashe mini lasifika. Mu ma muna da tamu yarinyar. Shekara biyu da kafa Zumuntar nan muka yi wasan kwaikwayo ranar Ƙaramar Salla, na farko da Hausawa suka yi a garin nan a iya sanina. Muka rasa macen da za ta fito, sai Murjanatu mai tuwo, wadda ke dafa mana tuwo da miyar kuka a wani ɗaki a Al Ras. Muka sa ta fito a matsayin babbar hajiyar gwal. Aka ara mata lafaya da awarwaro. Wallahi da ta shigo tana taku ɗai-ɗai, tana kallon mutane ta saman tabarau, tana cewa "a auna mini wancan," mutane suka yi ta faɗowa daga kujera. Ni kaina dariya nake yi a bayan kyamara.

Kashegari aka ce mai tuwo ta ci mutuncin manya. Mu ba mu ɗauki dutse ba, ba mu cinna wuta ba, mu masu kunya ne. Kawai aka daina cin tuwonta. Aka hana yaran shago zuwa. Wata uku ta tattara tukwanenta ta koma gida, bayan 'yan shekaru muka ji ta rasu. Wasu daga cikin waɗanda suka hana cin tuwon suna zaune a layin gaba, ba zan nuna kowa ba, sun san kansu, ni ma na san su, kuma ni ma ban buɗe baki ba a lokacin. Wannan laifina ne, na ɗauka. Ɗazu aka karanta tarihin Zumunta shafi huɗu, na kasa kunne, ban ji sunanta ba. Tana cikin kaset na goma sha huɗu. Bai narke ba. Ko yana da rai a ciki ban sani ba, ba ni da injin gwadawa.

Yanzu ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba, don ba kayana ba ne, kayanku ne. Kanta ɗaya a ɗaki mai esi. Mutum ɗaya mai suna, wanda zai ce nawa ne, ba kwamiti ba, don kwamiti shi ne wanda in an tambaya sai kowa ya dubi na kusa da shi. Kuma a kai su wajen masu juye kaset zuwa kwamfuta kafin in hau jirgi, in gani da idon da aka gyara mini. Ni ba zan tafi da su ba. Gidan da zan sauka babu wuta, rufin kwano ne, da in kashe su da hannuna gara in bar su nan.

In kuma babu mai so, to ku ji. Moidu yana ƙasa da motar ɗaukar kaya, zai jira har la'asar. Su Malabari suna da ɗan ɗakin karatu a Abu Hail, suna da kabad mai gilashi, har tsohon injin bidiyo suna da shi mai aiki. Ya ce, "Kawo su, mu mun san zafin abin." Za su jera su a tsaye, za su rubuta musu suna da rubutunsu mai kama da ƙugiyoyi. Ranar da jikanku ya so ganin fuskar kakansa yana saurayi, sai ya je ya yi sallama, ya roƙi Ba'indiye ya karanta masa. Ni wannan bai dame ni ba. Ku ne za ku ga ko ya dame ku. Malam Abdulganiyyu, ba sai ka rubuta ba, ba shawara nake kawowa a tattauna a zama na gaba ba. Ga ɗan makullin akwatin, na ɗora shi a tebur.

Na ga wata ta miƙe daga cikin masu albashi. Zauna 'yata, ban gama ba. To, ba za ki zauna ba. Ƙaraso in gan ki, idon nawa ɗaya ne mai kyau. Jama'a, ga wanda bai ji abin da ta ce ba, sunanta Mahfuza, tana aikin jinya a wani asibiti a nan, kuma ta ce Murjanatu mai tuwo ita ta haife ta. Ta ce tana da shekara huɗu uwar ta rasu, ba ta riƙe muryarta ba. Ni ban san kina garin nan ba, 'yata, da na sani da ban tsaya wahalar da bakina a kan waɗannan ba. Takun ma irin nata ne.

Ɗauki makullin. A'a, ba ta hannun sakatare ba, ɗauki da hannunki. Ki saurara da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. A tsaye, ba a kwance ba. Nesa da taga, nesa da lasifika. Bayan kowace Babbar Salla ki juya su har ƙarshe ki dawo da su farko, ko da an juye su a kwamfuta, don kwamfuta ma na ga tana mutuwa. Shidan da suka narke kada ki zubar, ki ajiye su a sama inda duk wanda ya shigo zai tambaya. Gobe in kin tashi aiki mu je wajen su Moidu mu sa na goma sha huɗu a injinsu. In mahaifiyarki ta yi magana, alhamdu lillahi. In ba ta yi ba, ni na haddace abin da ta faɗa, zan maimaita miki har da takun. Wani ya sauka ya ce wa Moidu kada ya tafi, akwatin yana da nauyi, gidan Mahfuza zai kai shi.

Ranka ya daɗe shugaba, katakon nan da farko na yi niyyar mayar muku. Na fasa. Ƙafar akwatin ɗaya ta karye a kwantena, yana karkata, kuma na auna da ido, kaurin ya yi daidai. A sa shi a ƙarƙashi, sunana ya kalli ƙasa, ba komai.

Allah ya jiƙan Malam Nasrullahi, Allah ya jiƙan Murjanatu, ya yafe mana abin da muka yi mata. Allah ya shiryi Moidu da zuriyarsa bisa alheri, ya saka masa. Allah ya sa kayanku su isa lafiya, ya sa albashinku ya yi albarka, ya ba ɗalibanmu ilmin da ke sanin darajar abin da ya tarar. Allah ya mayar da kowa gida da ƙafarsa, ba a cikin akwati ba. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na gode.